Tukunya Ko Duro? Abin Da Na Gano A Ƙasar Pankshin

Jama'a masu karatu, na san da jin sunan burukutu wani zai yamutsa fuska, ya ce me ya kai jaridarmu gidan giya. To, a yi mini haƙuri a ji ƙarshen zance tukuna. Ni dai ba na sha, addinina ya hana, ban kuma zo in yi wa kowa talla ba. Amma aikin jarida ya gaji shiga inda mutum bai saba ba, kuma abin da na tarar a tsakar gidan wata tsohuwa a ƙasar Pankshin ya biyo ni har cikin ɗakin girkin gidana. Ina jin in kun karanta, da yawa daga cikinku za su tashi su leƙa nasu.

Dalilin tafiyar kuwa shi ne wani abokina, mutumin ƙasar Angas, wanda muka yi karatun aikin jarida tare. Ya daɗe yana yi mini gorin cewa na san Legas na san Fatakwal, amma ban taɓa taka ƙauyensu ba. Da hutun ƙarshen shekara ya zo, bayan an gama kawar da amfanin gona, sai na ce masa to, ga ni nan tafe.

Muka tashi daga Jos da sassafe, sanyi kamar zai tsinke yatsu, domin garin yana bisa tudu mai tsawon kamar mita 1,200. Muka wuce Bukuru, muka karya a Mararrabar Jama'a, muka miƙa ta Barikin Ladi. Hagu da dama sai tarin ƙasa da manyan kududdufai waɗanda masu haƙar kuza suka bari tun zamanin Turawa, ga gidajen Birom kewaye da shingen ƙerana. Daga Mangu, inda buhunan masara ke jibge bakin hanya, muka bi ta Panyam muka fara hawa duwatsun Pankshin. Shingayen jami'an tsaro sun tsai da mu ba sau ɗaya ba, abin da ke tuna wa matafiyi rikicin da ya ci rayuka a wannan yanki a 2023. Kafin rana ta take muka sauka daga kwalta, muka bi wata 'yar burtali, sai ga mu a ƙauye.

TSAKAR GIDAN MAMA

Gidan da aka sauke ni na yayar mahaifiyar abokina ne, tsohuwa mai kimanin shekara saba'in, wadda kowa ke kira Mama. Da aka gaya mata baƙon Musulmi ne, sai ta sa aka wanke sabuwar ƙwarya aka ɗebo mini ruwa daga randa, ta ce, "Ɗana, sha ba fargaba. Wannan ƙwarya ba ta taɓa ganin mos ba." Mos shi ne sunan giyar dawa da harshensu. Ruwan nan kuwa sanyi ƙalau, da ɗan ƙamshin ƙasa irin wanda na rabu da ji tun rasuwar kakata.

Bayan gidan, ƙarƙashin wata rumfa, nan ma'aikatarta take. Na kira ta ma'aikata domin ba ta da wani suna da ya fi wannan dacewa. Akwai dogon murhu na ƙasa mai baki uku. A kan baki biyu an dasa manyan tukwanen ƙasa, an liƙe gindinsu da laka don kada wuta ta tsere, kowace yaro ɗan shekara biyar zai ɓuya ciki. A kan na ukun kuwa rabin duron ƙarfe ne, ya yi baƙi ƙirin. Gefe guda ga randuna a jere, an binne gindinsu cikin rairayi, ga kwando mai ƙananan idanu na tata, ga muciya doguwa kamar sandar makiyayi, ga ƙore da ludaya kife bisa tabarma. Can kusa da ƙofa kuma ga shuɗin duron roba da jarkoki uku. Watau dai zamani biyu ne zaune a rumfa guda, kowanne yana hararar ɗan'uwansa.

Babu abin da aka sayo a kanti cikin kayan nan in ban da robobin. Murhu ita da 'ya'yanta suka gina, muciya maƙwabci ya sassaƙa, duron ƙarfen wani mai walda ya yanka mata biyu ya lanƙwasa bakinsa don kada ya yanki hannu.

Mama ta zayyana mini yadda aikin yake, tana lissafi da yatsu daga ranar kasuwa ta koma baya, domin aikin mako guda ne cur. Da fari a jiƙa jar dawa ta kwana. A tsame, a shimfiɗa a inuwa, a rufe da ganye, ana yayyafa ruwa safe da yamma har kwana huɗu ko biyar, sai ta yi tsiro. Tsiron nan shi ne sirrin abin, gama shi ke juya garin da ke cikin ƙwaya ya zama zaƙi. Sa'an nan a shanya, a kai inji a niƙa, a dama da ruwa a bar shi ya kwanta. A tsiyaye ruwan sama a ajiye, a dafa na ƙasa har ya yi kauri kamar kunu, a mai da wancan ruwa a kansa, a bari ya kwana ya yi tsami. Kashegari a tace, a sake dafawa awoyi da dama, a sauke ya huce, kana a zuba masa ɗan ragowar na makon jiya, wanda ke ɗauke da ƙwayoyin yisti. Kafin gari ya waye randa ta fara tafasa ba wuta, tana kumfa tana huci. Dusar da ta rage kuwa aladu da awaki ke cinyewa.

Abin bai cika ƙarfi ba, masana sun auna shi tsakanin kashi uku zuwa shida cikin ɗari, kuma ba ya ajiyuwa. In ya wuce kwana biyu sai ya zama tsami zalla. Don haka mai dafawa kullum tana tsere da lokaci, in kasuwa ba ta ci ba jarinta ya zube.

Kada mai karatu ya ɗauka wannan sana'a ta 'yan shashanci ce kurum a wurin mutanen nan. Wani Ba'amurke mai nazarin al'adu, Robert Netting, wanda ya zauna cikin Kofyar da ke kudu da nan, ya rubuta a 1964 cewa da giyar hatsi suke biyan 'yan gayya, da ita ake biyan tara, da ita ake girmama baƙo da mamaci. Yau coci-coci da yawa a Filato suna hana mabiyansu sha, kuma Mama da kanta ta ce ta ga gidajen da abin ya rusa. Amma ta nuna mini hoton 'yarta sanye da fararen kayan jinya, ta ce, "Daga cikin tukunyar can kuɗin makarantarta ya fito." Har manyan kamfanonin giya ma, sa'ad da gwamnatin Janar Babangida ta hana shigo da tsiron sha'ir a 1988, dawa suka koma, watau abin da matan ƙauye suka sani tun kaka da kakanni.

ME YA KORI TUKUNYA?

Na tambaye ta, "Mama, tun da ga tukwane, me duro yake yi a kan murhu?"

Ta yi dariya ta ce, "Ɗana, da can bakin nan uku duk tukwane ne. Ɗaya ta fashe shekara huɗu da suka wuce, na nemi irinta na rasa."

Sa'an nan ta shiga auna mini su, kamar alƙali mai sauraron ƙara. Tukunyar ƙasa, in ji ta, ba ta gaggawa. Tana jinkirin ɗaukar zafi, amma in ta ɗauka ba ta saki, ba ta kuma ƙona gindi. Randa tana zufa, don haka abin da ke cikinta ba ya zafi da rana. Tsohuwar randa kuma tana da abin da ta kira hali, domin ko an wanke ta, in an zuba sabon dahuwa ita ke fara tashi. Dalilin wannan a fili yake, jikin yumɓu yana da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, inda ƙwayoyin yisti da na tsami ke maƙalewa daga wannan mako zuwa wancan. Aibinta guda, tana da nauyi, tana cin itace, kuma akuya ɗaya ta isa ta jawo asara.

Duron ƙarfe kuwa, mai cin lita 200, yana tafasa da wuri, ba ya fashewa, ana iya ɗora shi a babur. Na roba ba ya tsatsa, yarinya ma sai ta mirgina shi. Jarka mai lita 25 ta sauƙaƙa kai kaya kasuwa, inda da sai an ɗauki tulu a ka. Sai dai ba a toshe bakinta sosai, domin burukutu abu ne mai rai, yana ta fitar da iska har a ƙwaryar mai sha. Wadda ta murɗe marfi ta ƙulle, jarka za ta kumbura ta yi bindiga a hanya.

Na ce to, ashe duro ya yi nasara ke nan. Sai ta girgiza kai, ta ce, "Tukunya na san uwarta, na san ramin da aka haƙo ƙasarta. Duro fa, wa ya san abin da ya ci kafin ya zo hannuna?"

Nan ta ba ni labarin wani duron roba da ta taɓa saye a kasuwa, mai sayarwa ya rantse mata man gyaɗa ne ya zauna ciki. Ta wanke da sabulu, ta wanke da toka, ta shanya kwana uku. Da ta zuba dahuwa mai ɗumi ta rufe, gari na wayewa sai ga wani wari kamar na maganin feshi yana tashi. Ta tsaya ta yi shawara da zuciyarta, ga kuɗin dawa, ga itace, ga wahalar mako guda. Daga ƙarshe ta sa aka haƙa rami aka tuttular, aka hana ko alade kusanta. Ta ce, "Na yi kuka ran nan. Amma mutanen da za su sha, ni zan je jana'izarsu." Ta ƙara da cewa ba kowace mai dafawa ce za ta iya wannan asara ba, musamman wadda ta ci bashin dawar.

ABIN DA LIKITOCI SUKA SANI

Tsoron Mama yana da tushe. Roba tana shan abin da aka zuba mata, musamman magungunan ƙwari da na ciyawa da sinadaran masana'antu, kuma wanki ba ya fitar da shi duka. In aka zuba abu mai zafi, ko mai tsami, ko mai maye, sai ya riƙa jawo gubar a hankali. Shi ya sa Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya da Hukumar Lafiya ta Duniya suka ce mazubin maganin ƙwari, in ya ƙare, a ɗauraye shi sau uku a huda shi, don kada wani ya ƙara zuba ruwa ko abinci a ciki.

Duron ƙarfe ma yana da tasa illar. Tsami yana cin ƙarfe, ƙarfen ya narke cikin abin sha. Tun 1929 likitoci a Afirka ta Kudu suka lura da wata cuta a jikin mazan da suka daɗe suna shan giyar da aka dafa a duron ƙarfe, ƙarfe ya taru ya yi musu yawa a hanta har ya lalata ta. Ga kuma manyan tukwanen nan farare da maƙeran zubi ke yi da tarkacen injuna. Wani bincike da aka yi a Kamaru a 2014 ya nuna cewa waɗansunsu suna sakin dalma cikin abinci mai tsami. Mu kuwa a ƙasar nan mun san aikin dalma, tun da muka ga yadda ta kashe ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010.

Abin mamaki, ba matan Filato kaɗai ke dafa giya da kwancen masana'antu ba. A Amurka, tun da Shugaba Jimmy Carter ya sa hannu a wata doka a 1978 wadda ta halatta wa mutum ya dafa giyar da zai sha a gidansa, dubban mutane suka mai da abin sha'awa, suna harhaɗa kayan aikinsu da kansu a garejin mota. Abin da suka fi ajiye giyar a ciki shi ne wani tulun ƙarfe marar tsatsa mai cin lita 19, wanda ake kira Cornelius, wanda kamfanonin Pepsi da Coca-Cola suka yi amfani da shi wajen kai lemo kantuna kafin su sauya tsari su watsar da shi. Mai saye yakan duba ko ya lotsa, ya buɗe ya sansana, ya cika shi da iska ya ga ko yana yoyo, sa'an nan ya sauya dukan zobban robar da ke bakinsa, domin ƙamshin tsohon lemo ba ya barin roba. Su ma kwance suke saye, mu ma kwance muke saye. Bambancin shi ne nasu an san abin da ya zauna ciki, abin sha ne, kuma tun asali don abin sha aka ƙera shi. Namu kuwa sai abin da mai sayarwa ya faɗa.

WURIN MAGINIYA

Kashegari na roƙi abokina ya kai ni wurin mai ginin tukwane. Muka yi tafiyar kusan awa guda a ƙasa, muna hawa muna gangara tsakanin gonakin acca da aka girbe, har muka isa wani gida a gindin dutse. Maginiyar ta tsufa ƙwarai, idonta ya fara rauni. Ba ta da injin juyi, da hannu take murza laka kamar igiya tana ɗorawa zobe bisa zobe, tana zagaya tukunyar da baya da baya. In sun bushe a jera su a fili, a lulluɓe da itace da ciyawa a cinna wuta. Suna fitowa ja wur sai a yayyafa musu ruwan makuba, watau jiƙon ɓawon ɗorawa, wanda ke toshe jikinsu ya ba su wannan baƙi mai sheƙi.

Ta koya mini yadda ake zaɓen tukunya. A ƙwanƙwasa da bayan yatsa. In ta yi ƙara tar kamar ƙararrawa, ta gasu, ba ta da tsaga. In ta amsa dum, a bar ta ko da kyauta ce. A kuma shafa cikinta a ji ko kaurin ya daidaita. Na tambaye ta me ya sa ba ta gina manya irin na Mama yanzu. Ta ce babba tana cin kwanaki, tana bukatar mai ƙarfin baya, ga shi in an kai kasuwa sai a tsaya ana taya ta da kuɗin duro. Jikokinta mata uku duk suna birni, ba wadda ta koya. Ta faɗi haka ba tare da wani ƙorafi ba, tana ci gaba da shafa bakin wani ɗan tulu da jiƙaƙƙen ganye.

Na tuna cewa a bayan takardar Naira 20 akwai hoton Ladi Kwali, maginiyar ƙasar Gwari da ta shiga makarantar ginin tukwane ta Abuja ta da, watau Suleja, a 1954, ta zaga Turai da Amurka tana nuna gwaninta, ta rasu a 1984. Muna yawo da maginiya a aljihu, amma sana'arta tana mutuwa a gindin duwatsu.

A hanyar komowa na tsaya a Gidan Tarihi na Jos, wanda aka buɗe a 1952. Akwai wani sashe a can da aka tara tukwane daga kusurwa huɗu na Nijeriya, yawancinsu wata Baturiya, Sylvia Leith-Ross, ta bi ƙauyuka ta tattaro. Na ga manyan tukwanen giya irin na Mama sak, a wanke, a bushe, da 'yar takarda a gindin kowace. Sai na ji wani iri, domin jiya na ga 'yar'uwarsu tana tafasa a kan wuta, yau ga su an jera kamar kayan mutanen da suka shuɗe.

DURON GIDANA

Yanzu ga inda zancen ya shafe mu duka. Da na iso gida na shiga ɗakin girki neman ruwa, sai idona ya faɗa kan shuɗin duron da mai ruwa ke juye mana jarkokinsa kullum safe. Shekara uku yana nan. Da ruwansa ake yi mana tuwo, da shi ake dama wa 'yata koko. Ni na saye shi da hannuna a bakin titi, ban tambayi komai ba sai kuɗinsa. Na jawo shi na juya bayansa, sai ga ragowar wata takarda da aka kankare, ba a iya karanta rubutun, amma ana ganin gefen jan zane mai kusurwa huɗu, irin alamar gargaɗi da ake liƙa wa sinadarai masu haɗari. A daren nan na kwashe ruwan, da safe na huda gindinsa na mai da shi kwandon shara.

Tsohuwar da ke dafa abin da ba na sha ta fi ni kula da cikin mutanen da ba 'ya'yanta ba, fiye da yadda na kula da na 'yata. Wannan ya tsaya mini a rai.

Ku duba kasuwanninmu, daga Kano zuwa Anaca. A irin duron nan ake jiƙa gero na kunun zaƙi, a cikinsa ake haɗa zoɓo, a cikinsa ake tara manja da man ƙuli, a cikinsa makarantun allo da na kwana ke ajiye ruwan sha. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Guba ba ta tambayar mai sha ko wane addini yake bi.

Saboda haka ina kira ga Hukumar NAFDAC da Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta ƙasa da su waiwayi cinikin tsofaffin duro. A tilasta wa masana'antu su huda duk wanda ya ɗauki guba kafin ya fita ƙofarsu, a kuma hana kankare takardar da ke jikin na sayarwa. Ma'aikatan duba-gari na ƙananan hukumomi su riƙa leƙa wuraren masu dafa abin sha kowane iri, da niyyar koyarwa kafin tara. Gwamnatocin jihohi kuma, masu kashe kuɗi wajen bukukuwan al'adu, su tuna da magina tun suna da sauran masu koyarwa.

Kai kuwa mai karatu, kafin hukuma ta motsa, ga abin da ke hannunka. Kada ka sayi duron da aka kankare takardarsa. Wanda ke da hoton ƙoƙon kai da ƙasusuwa, ko jan zanen nan mai kusurwa huɗu, ka guje shi ko nawa aka rage maka, araha ba ta ado. Ka nemi mai alamar kofi da cokali mai yatsu, ko wanda ka tabbata abinci ya ɗauka. Ka buɗe ka sansana, ka zuba ruwan ɗumi ka rufe ya kwana, ka sake sansanawa. In kuwa da maginiya a garinku, ka je ka ƙwanƙwasa randa ka ji muryarta.

Ni dai na aika wa abokina kuɗi, na ce ya roƙi tsohuwar gindin dutse ta gina mini randa guda, ko da za ta ɗauki wata biyu. Ya ce ta amsa, amma ta ce in je in ɗauka da kaina, ba ta yarda da 'yan kamasho ba.

Allah ya tsare mu da abin da ido ba ya gani, ya kai mu mako mai zuwa lafiya.